Kamfanin Da Ya Ɓoye Littafi, Uwar Adashi Ce Mai Cin Zubi

Yau maganar tamu ta kuɗi ce, kuma ba zan yi ta da sanyin murya ba.

Ke da kike zubin adashi, ki faɗa min tsakaninki da Allah, in uwar adashi ta ce littafin zubi ba na kallon kowa ba ne, za ki ƙara ba ta ko sisi? Wallahi ba za ki ba ta ba. To me ya sa idan babban kamfani ya karɓi kuɗin jama'a ya rufe littafinsa sai mu yi tsit, wai abin manya ne?

Duk kamfanin da ya shiga kasuwar hannun jari ta Legas ya sayar wa jama'a hannun jari, ya tashi daga na mutum ɗaya. Mai hannun jarin naira dubu biyar ma mai kamfani ce. Daraktoci amana aka ba su su riƙe, ba gadon gidansu ba ne.

Ku duba Cadbury Nigeria, masu Bournvita da TomTom da muke saya wa yara. A shekarar 2006 bincike ya gano an yi shekaru ana kumbura lissafin kamfanin, da abin da ya kai naira biliyan 13 zuwa 15. Riba a takarda, a aljihu wayam. Aka sallami shugaban kamfanin da daraktan kuɗi, hukumar SEC ta hukunta su a 2008. To wanda ya sayi jari bisa wancan lissafin fa, wa ya share masa hawaye?

Na bankuna ya fi muni. A 2004 aka ce dole kowane banki ya tara jarin naira biliyan 25, suka bazama tallar hannun jari har a rediyo, talakawa suka yi ta saye. A ranar 14 ga Agusta 2009, Sanusi Lamido Sanusi, yana gwamnan Babban Banki, ya tuɓe shugabannin bankuna biyar: Oceanic, Intercontinental, Union, Afribank da Finbank, aka zuba musu naira biliyan 420 don kada su durƙushe. Ashe ruɓaɓɓun basussuka aka ɓoye ana shelar riba. A 2010 kotu ta ɗaure Cecilia Ibru ta Oceanic wata shida. A 2011 aka soke lasisin Afribank, takardun masu jari suka zama na ƙunshe ƙosai.

Wasu za su ce ai kasuwa a kai miki dole, akwai riba akwai faɗuwa. Haka ne. Amma faɗuwar kasuwa daban, ƙarya daban. Mai tuwo-tuwo in ta yi kwantai ƙaddara ce. Wadda ta cika kwano da ƙanzo ta shafe samansa da sabon tuwo kuwa, macuciya ce.

Wasu kuma su ce ina ruwan matar aure da wannan? Haba! Kuɗin fanshon maigida a ina ake juya wani sashe nasu? Gadon marayun da ya zo da takardun hannun jari fa? In ya narke, tukunyar wa za ta fara yin sanyi?

Saboda haka ki san haƙƙinki. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ce a aiko miki da sanarwar babban taron shekara kwana 21 kafin ranar. Kwamitin binciken kuɗi mutum biyar ne, uku daga cikinsu masu hannun jari ne ba daraktoci ba. Ki nemi rahoton shekara. In Turancin ya yi tsauri, ki ba 'yarki ko ƙaninki ya karanta miki. Ki tambaya: nawa daraktoci suke ɗiba? Su wa aka ba bashi, 'yan uwansu ne? An ce an ci riba, ina rabon?

Kamfanin da ya ji haushin waɗannan tambayoyi, ki janye kuɗinki tun da sauran rana. Mai gaskiya ba ya ɓoye littafi. Allah Ya raba mu da maciya amana, amin.