Hayaƙin da ke ɓoye cikin zaren kafet

A shekarar 1994, wasu masu sayen kaya suka fara tambayar kamfanin Interface abin da yake yi don kare muhalli. Kamfani ne mai yin kafet falle-falle, irin wanda ake shimfiɗawa a ofisoshi, kuma Ray Anderson ne ya kafa shi a garin LaGrange na jihar Jojiya a Amurka tun 1973. Ma'aikatansa suka nemi ya yi musu jawabi kan wannan tambaya, sai ya tarar ba shi da abin cewa illa suna bin doka. Ana cikin haka littafin Paul Hawken mai suna The Ecology of Commerce ya faɗo hannunsa. Da ya gama karantawa ya yarda cewa sana'arsa, wadda daga zare har gindin kafet man fetur ce, tana cikin masu cinye rabon jikoki. Daga baya kamfanin ya ɗaukar wa kansa alkawarin daina cutar da muhalli kafin 2020.

Yin alkawari ba wuya. Abin da ya sa labarin Interface ya cancanci a tsaya a kansa shi ne sun fara da awo, kuma awon ya nuna musu abin da ba su zata ba.

Hanyar lissafin da yawancin kamfanonin duniya ke bi yanzu ta fito ne a 2001, kuma ta raba hayaƙi mai ɗumama duniya kashi uku. Akwai wanda kake fitarwa da hannunka: janaretanka, tukunyar masana'antarka, motocin kamfaninka. Akwai wanda aka fitar a tashar lantarki domin a ba ka wutar da ka saya. Na ukun shi ne mai faɗi, domin ya haɗa hayaƙin da aka yi wajen samar da kayan da ka sayo, da jigilarsu, da abin da zai faru da hajarka bayan ta tsufa a hannun mai saye. Na farko da na biyu rasiɗi ke nuna su. Litar man dizal ɗaya idan ta ƙone tana sakin kusan kilo 2.7 na iskar kabon, don haka mai masana'anta a Sharaɗa ko Chalawa da ya tattara takardun man janaretansa na shekara zai iya fitar da adadinsa da kalkuleta kafin la'asar. Na ukun kuwa sai ka bi masu kawo maka kaya ɗaya bayan ɗaya kana tambaya, wasunsu ma ba su taɓa aunawa ba.

Da Interface ya bi rayuwar fallen kafet guda tun daga rijiyar mai har zuwa juji, sai ya gano cewa kaso mafi girma na hayaƙin ba a masana'antarsa ake yin sa ba. Yana cikin ɗanyen kaya ne, musamman zaren nailan da ake sayowa daga wasu kamfanoni. Ko da za su kashe kowane inji nasu, babban nauyin yana nan daram.

Gyaran cikin gida ya tafi da sauri. Sun rage ɓarnar kaya, sun koma ga lantarkin da ba na mai ba, har ma sun ja bututu daga jujin garin LaGrange suna ƙona iskar da ruɓaɓɓen shara ke fitarwa maimakon sayen gas. Sun kuma fito da zanen kafet wanda kowane falle ya ɗan bambanta da ɗan'uwansa, ta yadda duk inda aka juya shi zai dace. Mai shimfiɗa ba ya yanke da yawa ya zubar, kuma idan shayi ya ɓata falle ɗaya, shi kaɗai za a ɗaga a sauya.

Zaren ne ya ba su wahala. Dole suka rage yawan nailan a kowane falle, suka kuma matsa wa masu kawo musu zare su nemo hanyar narkar da tsohon nailan a sake saƙa shi. Kamfanin Aquafil na Italiya ya amsa kiran. Daga nan ne a 2012 aka fara sayen tsofaffin komayen kamun kifi daga masunta a gaɓar Filifin, daga baya aka kai shirin tafkin Ossa a Kamaru. Komar da a da ake yasarwa cikin ruwa tana ci gaba da kashe kifi a banza, yanzu ana wanke ta, a ɗaure dami-dami, a auna a biya mai ita. Ban ce komayen nan su kaɗai suka sauke nauyin ba, kasonsu kaɗan ne. Amma sun nuna iya nisan da kamfani zai je idan ya yarda cewa hayaƙin mai kawo masa kaya nasa ne.

Alƙaluman da kamfanin ya bayar a 2019 sun fito da bambancin fili. Hayaƙin masana'antunsa ya ragu da kashi 96 cikin ɗari idan aka kwatanta da 1996, amma na kafet ɗin kansa, wanda ya haɗa da zare, kashi 69 ya ragu. Anderson bai ga wannan rana ba, ya rasu a 2011.

Ragowar kuma fa? Daga 2018 Interface ya riƙa biyan kuɗi ga ayyukan da ake yi a wasu wurare, irin su kare dazuzzuka, domin a rubuta cewa an share abin da ya saura. Wannan hanya ba ta taɓa kwanta mini ba, domin tana bai wa mai kuɗi damar sayen suna mai kyau alhali bututunsa na ci gaba da turnuƙewa, kuma da wuya a tabbatar cewa dajin da aka biya dominsa da ma za a sare shi. A 2024 kamfanin ya sanar da cewa ya daina wannan saye. Kuɗin zai koma cikin kayan da ake yin kafet da su da kuma masana'antu, da nufin kafin 2040 kabon da yake adanawa cikin hajarsa ya zarce wanda yake saki.