Haɗa Makarantu Domin Gina Jami'a: Darasin Zariya Ga Ƙasar Daura

A 'yan shekarun nan ƙasar Daura ta sami manyan makarantun fasaha guda biyu, watau Kwalejin Fasaha ta Tarayya wadda aka kafa a 2019, da kuma Jami'ar Sufuri ta Tarayya wadda aka aza harsashinta a ƙarshen wannan shekara ta 2019. Wannan abin farin ciki ne ga ɗan manomin Zango da Baure da Mai'aduwa, wanda a da sai ya yi doguwar tafiya kafin ya sami irin wannan ilmi. To amma duk wanda ya san tarihin ilmi a ƙasar nan ya san cewa ranar da aljihun gwamnati ya yi sanyi, maganar haɗa makarantu wuri guda takan taso. Saboda haka ya kyautu a waiwayi baya tun kafin ranar ta zo.

Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka buɗe ran 4 ga Oktoba, 1962, ita kanta haɗaka ce. Gwamnatin Jihar Arewa, a ƙarƙashin Firimiya Sardaunan Sakkwato, ta tattara makarantun da suka riga suka tsaya da ƙafafunsu ne ta ɗaure su da igiya ɗaya. Akwai reshen Zariya na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya, inda aka riga aka fara koyar da aikin injiniya. Akwai tashar binciken aikin gona ta Samaru, wadda ta faro tun cikin shekarun 1920, da gonar dabbobi ta Shika. Akwai makarantar horar da akawuna ta Kongo, wadda aka buɗe a 1947, daga baya ta zama Cibiyar Koyon Aikin Mulki. Sannan ga Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano. Kowace daga cikinsu ta zo da malamanta da ɗakunan gwajinta da kuma mutanen da take yi wa aiki, kuma ba a raba ta da aikin ba. Samaru ta ci gaba da fitar da irin auduga da gyaɗa da dawa ga manoma, Kongo kuwa ta ci gaba da horar da ma'aikatan En'e da na gwamnati. Da Kwalejin Kano ta yi ƙarfi, sai aka sake ta, ta zama Jami'ar Bayero a 1977.

Haɗakar 1984 kuwa dabam take. A wannan shekara gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari, saboda matsin tattalin arziki, ta mayar da Jami'ar Fasaha ta Bauchi ƙarƙashin Zariya, ta Yola ƙarƙashin Maiduguri, ta Makurɗi ƙarƙashin Jos, ta Abeokuta kuma ƙarƙashin Legas. Waɗannan jami'o'i jarirai ne a lokacin, domin ba wadda ta wuce shekara huɗu da kafuwa, ga kuma nisan da ke tsakaninsu da iyayen riƙon nasu. Shekara huɗu kacal aka yi, a 1988 gwamnatin Janar Babangida ta warware ƙullin, kowace ta koma cin gashin kanta. Dalilin da ya sa haɗakar farko ta ɗore, ta biyu ta watse, a fili yake. A 1962 an haɗa makarantu masu saiwa ne domin a ƙara aiki, a 1984 kuwa an haɗa waɗanda ba su gama tsiro ba domin a rage kashe kuɗi.

Wani zai ce ai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma riƙe hukumomi biyu a gari ɗaya ɓarnar dukiya ce. Akwai ƙamshin gaskiya a wannan magana, domin injunan koyarwa suna da tsada, ƙwararrun malamai kuma ba su da yawa. Sai dai maganin wannan shi ne makarantun biyu su yi tarayya a ɗakunan gwaji da ɗakin karatu da musayar malamai, kowace tana riƙe da sunanta da manufarta. Kwalejin fasaha tana horar da masu aikin hannu ne, jami'a kuwa masu bincike da tsarawa, kuma layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka tsara ya ratsa ta Daura, yana bukatar dukansu biyu.

Abin da ya wajaba a kan hukumomi da masu sarauta da 'yan bokon ƙasar Daura shi ne su taimaka wa makarantun nan su kafa saiwa, kamar yadda Samaru ta kafa a gonar talaka. Idan manomin gero na Zango ya ga ɗansa ya dawo yana gyara injin ban-ruwa da tarakta, shi da kansa zai tsaya wa makarantar. Bayan wannan, in an ga dacewar haɗa su, sai a haɗa su suna da ƙarfinsu.