Jirgin Da Ba Ya Da Aibi Ƙarya Ne

Akwai wani wasa da matasa masu son tarihi ke yi, inda kowa zai ɗauki ƙasa guda, a ce Faransa ko Japan ko Italiya ta shekarar 1922, ya zama shi ne shugaban rundunar ruwanta. Shi zai zana jiragen yaƙinsa, ya zaɓi igwa da sulke da inji, sannan a bar tarihi ya bi wata hanya dabam da wadda ya bi. Ina cikin masu kare wannan wasa idan an kira shi zaman banza, domin akwai lissafi da tarihi da labarin ƙasa a cikinsa. Rigimata da wasu ƴan wasan ce, waɗanda ke kawo jirgin da ya fi kowa igwa, ya fi kowa sulke, ya fi kowa gudu, kuma wai bai fi na kowa nauyi ba. Wannan maguɗi ne, kuma yana kashe amfanin wasan baki ɗaya.

Duk ɗalibin da ya koyi ƙa'idar Arshimed a lakwal ya san jirgi yana ture ruwa daidai nauyinsa. Nauyin nan shi ne jarin mai zane. Tan ɗin da ka ba igwa, ka hana wa sulke ko inji ko mai. Yarjejeniyar Washinton ta 1922 ta ƙayyade wa babban jirgin yaƙi tan 35,000, bakin igwa kuma kada ya wuce milimita 406. A cikin wannan ƙunci ne gwanintar injiniyoyi ta bayyana. Ingila ta gina Nelson da igwa tara masu milimita 406, ta tara su duka a gaba don ta rage tsawon wurin da sulke zai rufe, ta kuma haƙura da gudu, bai wuce kilomita 43 a awa ba. Faransa ta sa wa Richelieu igwa takwas masu milimita 380 a hasumiya biyu kacal, huɗu-huɗu, duka a gaba. Ta samu gudu da sulke, amma harsashi guda zai iya kashe mata rabin igwoyinta, kuma manyan igwoyin ba su harbi baya kai tsaye. Shi ne jirgin da ya fake a Dakar a 1940. Kowane cikinsu ya biya farashin abin da ya zaɓa.

Masu maguɗin kan ce ai tarihi ne na ƙage, don haka kowa ya yi yadda ya so. Abin da aka ƙaga shi ne shawarar shugabanni: wa ya ƙulla ƙawance da wa, wa ya ƙi sa hannu a yarjejeniya. Ba a ƙaga nauyin ƙarfe ba, ba a kuma ƙaga halin teku ba. Ranar 10 ga Agusta 1628, jirgin Vasa na Suwidin ya fita da igwa 64, samansa ya fi ƙasansa nauyi. Bai yi tafiyar da ta wuce mita 1,300 ba iska ta karkata shi, ruwa ya shiga ta tagogin igwa, ya nutse a gaban jama'ar Istokholm. A watan Maris 1934 aka sake ganin irin haka a Japan. An loda wa Tomozuru, ɗan ƙaramin jirgi mai kimanin tan 600, makaman da suka fi ƙarfinsa, ya kife cikin hadari, mutum 100 cikin 113 suka mutu. Kwaɗayi mabuɗin wahala. In alƙalin wasa ya bar irin wannan jirgi ya ci yaƙi a takarda, ya koya wa yara ƙarya.

Haka batun gudu da sulke yake. A yaƙin Jutland, ranar 31 ga Mayu 1916, jiragen Ingila uku masu gudu da ƙarancin sulke, Indefatigable da Queen Mary da Invincible, suka tarwatse bayan wuta ta kai ga rumbun albarushinsu, kuma sakacin ajiyar albarushin ya taimaka. Ranar 24 ga Mayu 1941 Hood ya fashe a arangamarsa da Bismarck. Cikin mutum 1,418, uku suka tsira. Wanda ya zana jirgi mai gudu a wasa, dole ya yarda akwai ranar da za a karɓi bashin.

Akwai maguɗi na biyu da ya fi wannan wayo. Ɗan wasa yana zaune a 1922 amma yana aiki da ilimin 1945. Sai ka ga ya soke manyan jiragen igwa gaba ɗaya, ya zuba kuɗinsa a jiragen dakon jiragen sama, ya cika ko'ina da bindigogin kakkaɓo jirage, yana dariyar hafsoshin da wai ba su da basira. Ya manta jirgin saman 1922 katako ne da zane, ba ya ɗaukar bam mai nauyi zuwa nesa, dare da hazo kuma suna hana shi tashi. Sai a Taranto a Nuwamba 1940, da nutsewar Prince of Wales da Repulse a gaɓar Malaya ranar 10 ga Disamba 1941, hujja ta fito fili. Yamato mai igwa tara masu milimita 460, jiragen sama ne suka nutsar da shi ranar 7 ga Afrilu 1945. Amma wanda ya san haka tun 1922 ya leƙa amsar jarrabawa ne. A ajina, mai leƙen amsa sifili yake samu ko da ya rubuta daidai.

Za a ce na tsananta, wasa ne kawai. Ai dara ma wasa ce, kuma ba wanda zai zauna da mai matsa ɗansa gida biyu a lokaci guda. Doka ce ke sa wasa ya yi daɗi. Bayan haka, yaron da ya saba da cewa zai samu komai ba tare da ya bar komai ba, da wannan tunanin zai karanta alkawarin ɗan siyasa da kasafin kuɗin ƙasa.

Ga abin da nake nema daga masu shirya wasan. Kowane zane ya zo da jadawalin nauyi: gangar jiki, inji, sulke, makamai, mai, a haɗa a ga ko jimla ta yi daidai. A kafa kasafin kuɗi na shekara gwargwadon arzikin ƙasar a lokacin. A hana duk wata na'ura kafin shekarar da aka ƙera ta, sai in ɗan wasa ya kashe kuɗi da shekaru wajen bincike. Kowane mai zane kuma ya rubuta da hannunsa raunin jirginsa. Wanda ya ce nasa ba ya da rauni, a mayar masa da takardarsa ya sake lissafi.