Hasashen damben keji: a yi musu, amma kuɗi ya zauna a aljihu

Duk makon da za a yi babban dambe na UFC, tun ranar Alhamis musu yake tashi. A wurin mai shayi a Mayo, a gaban mai agashe, a cikin raksha, har a layin ɗiban ruwa, maganar ɗaya ce: wa zai ka da wa? Idan a Amurka za a yi, wasan ba ya iso mana sai tsakar dare zuwa asubahin Lahadi, amma za ka tarar da samari biyar ko shida sun haɗa kai a kan waya ɗaya. Da Hilal da Marrikh kaɗai suke raba kan majalisa a Khartum da Omdurman. Yanzu 'yan damben keji sun samu nasu gurbin.

Mu a wannan shafi ba mu ga laifin musun ba. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne abin da ya fara biyo bayansa: masu tallar "hasashen da ba ya kuskure", da kamfanonin caca na intanet da suke laɓe a bayansu. Matsayinmu a taƙaice shi ne, hasashen dambe ilimi ne kuma nishaɗi ne, amma ranar da aka ɗora masa kuɗi ya tashi daga ilimi ya koma asara mai lissafi.

Ga iyayenmu da ba su taɓa kallo ba, wannan wasa dambe ne da kokawa a haɗe. Ana naushi, ana shuri, ana kayarwa ƙasa, ana shaƙewa ko murɗe gaɓa har mutum ya miƙa wuya. Turmi ɗaya minti biyar ne. Wasa na yau da kullum turmi uku, na kambu ko babban wasan dare turmi biyar. In ba a yi kisa ba, irin kisan da 'yan dambe suke nufi, alƙalai uku ne suke ba da maki turmi bayan turmi.

Karanta ɗan wasa kafin a gwabza ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Wanda ya saba zuwa filin Hajj Yusuf ranar Juma'a da yamma, kafin yaƙi, ya san yadda dattawa suke duban ɗan kokawar Nuba tun yana zagaya fili, su ce wannan ƙafarsa ba ta zauna ba. Kakanninmu da suka baro ƙasar Hausa sun zo da labarin dambe, inda mahauta suke naɗe hannu ɗaya da zare, makaɗa suna zuga su, kamar yadda Ɗan Anace ya yi wa Shago. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. To, mai hasashen kirki a damben keji, me yake dubawa?

Na farko, wa yake da ikon zaɓen inda za a yi faɗan, a tsaye ko a ƙasa. Wannan ya fi ƙarfin naushi muhimmanci. Khabib Nurmagomedov na Dagistan ya yi ritaya a 2020 da wasa 29 ba a taɓa cinsa ba, ba don ya fi kowa iya naushi ba, sai don yana kai mutum ƙasa ya hana shi tashi. Duk gwanin naushin da ba ya iya kare kansa daga kamun kokawa, to a rage masa maki tun daga gida.

Na biyu, shiri da nauyi. Ana hawa sikeli kwana ɗaya kafin wasa, kuma da yawansu sai sun matse ruwan jikinsu kafin su kai awon ajinsu, misali kilo 70 ko 77 ko 84. Wanda ya sha wuya a sikeli, sau da yawa numfashinsa yana yankewa a turmi na uku. Haka wanda aka kira a ƙurarren lokaci. A Fabrairun 2023 Alexander Volkanovski ya kai Islam Makhachev har ƙarshen turmi biyar a Ostareliya, aka sha da ƙyar. A Oktoban shekarar ya karɓi wasan ramuwa a Abu Dabi saura kwana 11, Makhachev ya gama da shi da shuri a ka tun a turmin farko. Mutanen dai su ne, shirin ne ya bambanta.

Na uku, shekaru da dukan da mutum ya riga ya sha, da tsawon hutun da ya yi, da ko wasan turmi uku ne ko biyar. Wanda yake tambayar waɗannan abubuwa ya fi wanda yake cewa "ai wane Musulmi ne" ko "ai wane ɗan Afirka ne". Son ɗan wasa daban, hasashe daban. Da yawanmu zuciya ce take zaɓe, sannan baki ya nemo mata hujja.

Amma ko ka yi duk wannan bincike, akwai inda saninka yake tsayawa. A tuna da daren 20 ga Agustan 2022 a Salt Lake City. Kamaru Usman, haifaffen Auchi a Najeriya, yana riƙe da kambu tun 2019, ya ci wasa 15 a jere a UFC, kuma ya taɓa doke abokin karawarsa Leon Edwards a 2015. Bayan turmi huɗu yana gaba a takardun alƙalan uku duka. Duk wanda ya ce Usman zai ci, lissafinsa daidai yake har minti 24. Saura sakan 56 a tashi, Edwards ya yi kamar zai kai naushin hagu, Usman ya kauce, ƙafar hagu ta same shi a ka, ya faɗi. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare.

Bayan wata uku, Israel Adesanya, haifaffen Legas, shi ma yana gaba da maki, Alex Pereira na Barazil ya tsayar da shi a turmi na biyar. Da yawa suka ce shi ke nan, Pereira ya zama ƙarfen ƙafarsa. A Afrilun 2023, mako guda kafin yaƙi ya ɓarke mana a nan, Adesanya ya kwantar da Pereira a turmi na biyu. Sai aka koma cewa babu mai iya masa. A Satumban shekarar, a Sidni, Sean Strickland, wanda kusan kowa ya raina, ya ƙwace kambun da maki 49 da 46 a wurin alƙalan uku. Dalili a fili yake: safar hannun wannan wasa 'yar ƙarama ce, ba kamar ta boksin ba, kuma hanyoyin faɗuwa suna da yawa. Kuskure ɗaya na ƙiftawar ido ya isa ya rushe hasashen mako guda.

Saboda haka mai gaskiya ba ya cewa "tabbas". Yana cewa, a ganina in za su kara sau goma, wane zai ci bakwai. Sauran ukun nan kuwa, a cikinsu ne kamfanin caca yake cin abincinsa.

Bari mu yi lissafin a fili, don yaranmu su gani da idonsu. A wasan da aka ɗauka kunnen doki ne, yadda aka saba shi ne ka zuba 11 don ka ci ribar 10. Mutum biyu, kowa ya zuba fam 11,000, ɗaya a kan wannan, ɗaya a kan wancan. Kamfani ya karɓi 22,000, ya biya wanda ya ci 21,000, ya soke 1,000 a aljihu ko wa ya faɗi. Ke nan kafin ka tsira da uwar kuɗinka kawai, sai ka dace kusan sau 53 cikin 100. In kuma ka ce gwani za ka bi, ribar sai ta ƙanƙance: ka zuba 5,000 don ka ci 1,000. Ka ci sau biyar a jere kana murna, dare ɗaya irin na Strickland ya kwashe duka.

Tikitin da ake haɗa wasanni da yawa, wanda samari suka fi so saboda ribarsa tana da girma a ido, shi ya fi muni. A ce ka zaɓi wasa biyar, kowanne kana da damar 70 cikin 100, wanda wannan ma sai gwanin gaske. Damar duka biyar su zo daidai kusan 17 ce cikin 100, wato sau ɗaya cikin shida. Shi ya sa kullum labarin ɗaya ne: "Wallahi wasa ɗaya ne ya ɓata min." Ba rashin sa'a ba ne, ɗan'uwa, haka aka gina abin.

Masu sayar da hasashe kuma dabararsu tsohuwa ce. Mutum ya tara lambobi 160, ya gaya wa rabi wannan zai ci, rabi wancan. Mako mai zuwa ya bar waɗanda ya yi wa kuskure, ya sake raba 80 ɗin da suka rage gida biyu. Bayan wasa huɗu yana da mutum 10 da suka ga ya faɗa daidai sau huɗu a jere, kuma su za su rantse maka cewa malamin nan ba ya kuskure. A lokacin ne zai ce a turo kuɗin rajista. Tambaya ɗaya ta isa: in da gaske ya san gobe, me zai yi da 'yan kuɗinka?

Akwai kuma abin da ba a gani daga Mayo. A Nuwamban 2022, sa'o'i kaɗan kafin wasan Darrick Minner a Las Vegas, kuɗi suka yi ta kwarara a kan cewa zai faɗi. Ya shiga keji da ciwo a ƙafa wanda jama'a ba su sani ba, aka gama da shi a turmin farko. Hukumomi suka buɗe bincike, aka dakatar da lasisin kocinsa James Krause, UFC ta sallami Minner, lardunan Ontario da Alberta na Kanada suka hana caca a kan UFC na ɗan lokaci. Wato akwai lokacin da wasu na ciki suka san abin da kai ba ka sani ba, kuma kuɗinka ne ribar saninsu.

Yanzu mu dawo gida. Lahadin nan da Strickland ya ba duniya mamaki, 10 ga Satumban 2023, ita ce ranar da harin sama ya faɗa kasuwar Goro a nan kudancin Khartum, mutum fiye da 40 suka rasu. A lokacin babu mai bakin musun dambe. Don haka idan yau, bayan sojoji sun karɓe Khartum a Maris ɗin 2025 kuma mutane suna komowa, muka ji samari suna ɗaga murya a kan Makhachev da Chimaev, wallahi daɗi muke ji. Alamar rai ce. Amma mun san daga ina kuɗin da yake wayar yaro ya fito. Yayansa ne ya turo ta Bankak daga Saudiyya ko Libiya don a sayi magani da gawayi. Uwarsa ce ta wuni a gaban murhun shayi. Gidaje nawa ne har yanzu ba su mai da ƙofofi da tagogin da aka kwashe ba? Wannan kuɗi ba na gwaji ba ne.

Hukuncin caca a addini ba ɓoyayye ba ne, Suratul Ma'ida ta haɗa ta da giya a wuri ɗaya, dokar laifuka ta Sudan ta 1991 ma ta hana ta. Canza mata suna zuwa "hasashe" ko "nazarin wasa" bai canza komai ba. Sai dai muna roƙon malamanmu, in za su yi wa'azin, su haɗa da lissafin. Yaron da ya ɗauka shi gwani ne ba ya jin tsoratarwa kaɗai. A nuna masa inda 1,000 ɗin nan take tafiya.

Ga masu gidajen kallo da masu sayar da intanet a unguwa: kun fi kowa sanin wanda yake kallo da wanda yake zubawa. Kada ku zama masu buɗe wa yara asusu ko tura musu kuɗin caca don 'yar ladan da za ku samu. Ga iyaye: kada a ƙwace waya a hana kallo, hakan ɓoyo kawai yake koyarwa. A zauna a kalla tare, a tambayi yaro dalilinsa na zaɓen wane. In ya fara damuwa fiye da kima a kan wasan mutanen da bai sani ba, ko yana neman rance ranar Asabar, to a bincika.

Ga ku kuma gwanayen majalisa, ga gasa da ba ta cin ko sisi. Ku samu littafi ɗaya ku ajiye wurin mai shayi. Kafin kowane wasa, kowa ya rubuta wanda yake ganin zai ci, da dalilinsa, da ƙarfin tabbacinsa cikin goma. Bayan wata uku a buɗe a ƙirga. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Muna kyautata zaton da yawa za su tarar cewa nasarorinsu kawai suke tunawa, kura-kuran sun manta. Wanda ya zo na ɗaya a ba shi girmansa, a kira shi sarkin hasashen layi. Wanda kuma jininsa yake tafasa in ya ga ana kokawa, ya nemi fili da mai koyarwa ya motsa jikinsa, ya fi masa zaman jiran tikiti.

Asabar mai zuwa za a sake shiga keji, kuma mu ma muna da wanda muke ganin zai ci. Za mu faɗa, za a musa mana, wataƙila asubahin Lahadi ta ƙaryata mu. In hakan ta faru, abin da za mu rasa bai wuce a yi mana dariya a wurin shayi ba, kuɗin cefane kuwa yana nan inda aka ajiye shi.