Kowace Magana da Muhallinta: Ladubban Kawo Sha'anin Kai Cikin Zaman Ilimi

Gabatarwa

Hausawa na cewa ba a haɗa gudu da susar katara. Amma duk ɗalibin da ya saba halartar tarukan ƙara wa juna sani, ko zaman ƙungiyar Hausa, ko laccocin Makon Hausa a manyan makarantunmu, ya san muna yawan haɗa su. Za a tara jama'a don sauraron maƙala a kan tsarin jam'i a Hausa, mai gabatarwa bai kai rabin takardarsa ba sai a miƙo wa shugaban zama 'yar wasiƙa: wane zai aurar da ƙanwarsa ranar Asabar, ana gayyatar kowa da kowa. Kafin a gama "Allah ya sa alheri", wani ya ɗaga hannu yana cigiyar wayarsa. Idan aka zo lokacin tambayoyi kuwa, mai tambaya sai ya share minti biyar yana gaishe-gaishe da ba da tarihin karatunsa tun daga firamare, sannan ya zauna ba tare da ya yi tambayar ba.

Ra'ayina a nan shi ne, sha'anin kai, wato biki da suna da rasuwa da neman taimako da makamantansu, yana da haƙƙi a kanmu, amma yana da ƙofar da ya kamata ya shigo ta cikinta. Idan aka bar shi ya shigo ta taga, ilimi ya yi asara, shi ma mai sha'anin ya yi asara.

Darasi daga zauren malam

Kada wani ya zaci wannan tsari baƙo ne da muka aro daga Turawa. Mu leƙa gida tukuna. Limawa ɗaya ce daga cikin mazaɓu 11 na ƙaramar hukumar Yola ta Arewa, a cikin Jimeta, kuma kamar maƙwabtanta irin su Alƙalawa da Gwadabawa da Rumde, ba a rasa zaurukan malamai inda ake ɗaukar karatu bayan asuba ko tsakanin magariba da lisha. Wanda ya taɓa zama a irin wannan zaure ya san ƙa'idarsa, ko da ba a rubuta ta a bango ba. Kowa da littafinsa, wannan Ahalari, wancan Iziyya, wani Risala. Mai layi ya ja baƙi, malam ya fassara da Hausa ko da Fulatanci, sauran su yi shiru suna tsintar abin da za su tsinta. Babu wanda zai katse karatun ɗan'uwansa don ya ce matarsa ta haihu. Sai malam ya rufe karatu an shafa addu'a, sannan mai albishir ya matso ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta malam, an samu ƙaruwa a gida." A nan ne za a yi masa barka, a sa albarka, a tambayi ranar suna. Karatu ya samu haƙƙinsa, mai jego ma ta samu nata.

Wannan tarbiyya tana da tushe a rubuce. Littafin Ta'alimul Muta'allim na Zarnuji, wanda ya rayu tsakanin ƙarshen ƙarni na 12 da farkon na 13, sananne ne a zaurukan ƙasar Hausa, kuma daga cikin abin da ya karantar akwai kiyaye lokacin malami da rashin fara magana a gabansa sai da izini. Garin Yola kansa malami ne ya kafa shi a 1841, wato Modibbo Adama, kuma kalmar "modibbo" a Fulatanci malam take nufi. Ashe ke nan mutanen wannan yanki su ne ya fi kamata su san darajar zaman ilimi.

Haka abin yake a sauran wuraren taruwar jama'a. A masallacin unguwa, mai sanarwa yakan jira a yi sallama kafin ya miƙe. A majami'u ma akwai lokacin da aka keɓe don sanarwa. Wurin ɗaurin aure, sanƙira ne ke shela, ba duk wanda ya ga dama ba.

Me masana suka ce?

Mu ɗaliban harshe ne, don haka ya dace mu auna batun da ma'aunin fanninmu. Masanin falsafar harshe ɗan Ingila, Paul Grice, a maƙalarsa da aka buga a 1975, ya bayyana cewa masu zance suna tafiya ne a kan wata yarjejeniya ta haɗin kai mai rassa huɗu: a faɗi gwargwadon abin da ake buƙata, a faɗi abin da ake da yaƙini a kansa, a faɗi abin da ya shafi batun da ake ciki, sannan a faɗe shi a fayyace. Mai sanarwar biki a tsakiyar maƙala ya karya reshe na uku. Mai ba da tarihin rayuwarsa kafin tambaya ya karya na farko. Wanda kuwa ya tashi ya sanar da rasuwar da ya ji a bakin hanya ba tare da ya tabbatar ba, ya karya na biyu, kuma wannan ya fi sauran muni. Shi ma Dell Hymes na Amurka ya nuna cewa iya harshe bai tsaya ga nahawu kaɗai ba, ya haɗa da sanin lokacin magana, da wurinta, da wanda ake yi wa ita. Ɗalibin da ya ci jarrabawar ginin jumla amma bai san lokacin da zai yi shiru ba, da sauransa a ilimin harshe.

Ta fuskar al'ada kuwa, A. H. M. Kirk-Greene, wanda ya yi aikin mulki a lardin Adamawa har ya wallafa littafi a kan tarihinta a 1958, ya fitar da nazarinsa a kan "mutumin kirki" a 1974. Cikin halaye goma da ya lissafa akwai hankali da kunya da ladabi da mutunci. 'Yan'uwanmu Fulani ma a cikin pulaaku suna da semteende, wato kunya, da munyal, wato haƙuri, da hakkiilo, wato hankali. Haƙurin jira har a rufe zama, da hankalin gane abin da ya dace da wuri, da kunyar tallata sirri a bainar jama'a, su ne gaba ɗayan abin da nake kira gare shi.

Abin da ake asara

Na farko, lokaci. Ɗalibin da ke zaune a Limawa, ko Kwalejin Ilimi ta Tarayya yake zuwa, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta jiha, ko kuwa sai ya tsallake gadar Binuwai zuwa Jami'ar Modibbo Adama da ke Girei, kuɗin Keke Napep ko na bas yake cirewa daga ɗan abin da ke aljihunsa. Ga zafin Yola na watan Maris da Afrilu da kan haura digiri 40. A ƙaddara mutum 60 ne a ɗakin taro, aka ɓata minti 20 a kan sanarwoyin da ba su shafi taron ba. Idan aka tara, minti 1,200 ke nan, wato awa 20 na rayuwar bayin Allah. Wanda ya fi kowa cutuwa shi ne mai gabatar da maƙala, musamman ɗalibin ajin ƙarshe da ya kwana yana shiri don ya samu gyara a kan kundinsa, sai a ce masa lokaci ya ƙure, a taƙaita tambayoyi.

Na biyu, mutunci. Sau da yawa niyyar mai sanarwa kyakkyawa ce, amma magana zarar bunu ce. A tashi a gaban aji a ce wance ba ta biya kuɗin makaranta ba, a taimaka mata, ko a ambaci irin ciwon da ke damun wane, alhali ba a nemi izininsu ba. Za a tara 'yan kuɗi, amma ita wance za ta yi sauran shekarunta a makaranta tana sunkuyar da kai. Ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Haka kuma, yawo da faranti ko karanta sunayen waɗanda suka bayar da nawa suka bayar, tozarta marar hali ne da ke zaune a wurin.

Na uku, haɗin kai. Ajin Hausa a Adamawa ba na Hausawa kaɗai ba ne. Za ka tarar da Bafulatani da Bachama da Kilba da Margi da Chamba da Higi, Musulmi da Kirista, duk Hausa ta tara su a inuwa ɗaya. Da zarar an buɗe ƙofar tallata ɗan takara, ko wa'azin ɓangare, ko habaici ga wani da sunan "ƙarin bayani", to an fara kwance maɗaurin tsintsiya. Gobe wasu za su daina zuwa, ba kuma za su faɗi dalili ba.

To, ina zumunci?

Na san wani zai ce, "Haba malam, mu ba Turawa ba ne. Yaya ɗan'uwanmu zai yi rashi mu zauna muna zancen ɗafi da saiwar kalma?" Wannan magana tana da nauyi, ba kuma zan yi watsi da ita ba. Rasuwar ɗalibi ko malami ko ma'aikacin sashe ta shafi zaman gaba ɗaya, don haka ya dace shugaban zama ya buɗe da ita, a yi addu'a ko a yi shiru na ɗan lokaci, kowa bisa addininsa. Haka nan abin gaggawa da ya shafi rai, kamar neman jini ga wanda ke kwance a asibiti, ba ya jiran komai.

Sauran al'amura kuwa, zumuncin ne ma ya fi buƙatar a ba su wurinsu na daban. Iyayenmu da goro da alawa suke gayyata, gida-gida, domin zumunci a ƙafa yake. Gayyatar da aka jefa a tsakiyar taro, rabin mutane na hamma rabi na duba agogo, ba ta kai darajar wadda aka tako aka kawo maka ba. Kuma idan sanarwa ta yi yawa, kunne kan gaji, har ranar da babbar buƙata za ta zo a ji ta kamar sauran.

Shawarwari

1. Kowace ƙungiya ta ɗora wa jami'in walwala alhakin karɓar duk sanarwar da ta shafi sha'anin kai, a rubuce, kafin a fara zama.

2. A keɓe minti biyar a ƙarshen taro, bayan an rufe batun ilimi, shi kaɗai ya karanta su a taƙaice: wane ne, mene ne, yaushe, a ina. Mai uzuri ya tafi ba tare da an harare shi ba.

3. Kada a ambaci ciwo ko bashi ko matsalar gidan wani sai da yardarsa. Gudummawa a kai wa ma'aji a asirce, shi kuma ya ba da lissafin jimla kawai.

4. Kada a sanar da rasuwa sai an tabbatar daga iyalan mamaci.

5. Talla da siyasa da ƙorafi a kan wani mutum su tsaya a waje. Mai kaya ya baje su a bakin ƙofa, mai ƙorafi ya bi ta ofishin da ya dace.

6. A raba allon sanarwa gida biyu, domin katin biki ya daina rufe jadawalin jarrabawa.

7. Mai tambaya ya yi sallama ɗaya ga kowa, ya faɗi sunansa da ajinsa, ya shiga tambaya. Shugaban zama kuma kada kunya ta hana shi tsayar da mai zarce iyaka, ko da babba ne, amma cikin ladabi.

Kammalawa

'Yan'uwana ɗalibai, yawancinmu gobe mu ne malaman aji, da masu fassara, da masu gabatar da shirye-shirye a gidajen rediyo. Duk waɗannan ayyuka ne na sanin abin da za a faɗa da lokacin faɗarsa, kuma a ɗakin taronmu ne za mu fara gwaji. Ina kira ga shugabannin ƙungiyar Hausa da wakilan azuzuwa da su tattauna waɗannan shawarwari a zamansu na gaba, su ɗauki mai amfani, su gyara mai buƙatar gyara. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya kuma bar zumunci.