Ɗan Damagum Mai Son Zama Likita: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Kowace shekara, da zarar bazara ta kama, hankalin iyaye da yawa masu neman abinci a Kurmi yakan koma gida. Daga Agege da Mile 12 a Ikko, da Sabo ta Badun, har zuwa Fatakwal, sai a yi ta buga waya ana tambaya ko an biya wa yara kuɗin jarrabawa. Da an ce an biya, sai uba ya yi hamdala, ya ɗauka ya sauke nauyin da ke wuyansa, saura kuwa tsakanin yaro ne da malamansa. Wannan zato kuskure ne babba, balle ga uban da ɗansa ko 'yarsa ke ajin kimiyya da burin zama likita.

A ɗauki misalin Damagum, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Fune a Jihar Yobe, wadda ke gabas da Potiskum a kan babbar hanyar Damaturu. Ƙasa ce ta noma da kiwo. Daga kasuwar shanu ta Potiskum, wadda ke cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma, ake loda manyan motoci zuwa Kudu, kuma mutanen yankin da dama sun bi shanun nan sun zauna can. Amma duk da wannan arziki, idan haihuwa ta zo wa mace da gardama cikin dare a wani ƙauyen Fune, abin ya fi ƙarfin asibitin da ke kusa, sai an nemi mota zuwa Potiskum ko Damaturu, wani lokaci ma har Azare ko Maiduguri. Ga shi kuma likitocin ƙasar nan suna ta ƙaura zuwa Ingila da Saudiyya da Amurka. Wanda ake sa ran zai zauna a irin wannan wuri, ya ji ciwon tsohuwa cikin harshenta, ko Karekare ne ko Ngizim ko Fulatanci ko Barbarci, shi ne ɗan ƙasar. To, shi ɗan ƙasar nan yana aji huɗu ko biyar na sakandare yanzu, kuma a nan ne ake yanke hukuncin ko zai kai ko ba zai kai ba.

Ya kamata kowane uba ya san irin ƙofar da ɗansa zai bi. Jami'a ba ta duban mai neman karatun likita sai yana da kiredit a darussa biyar, watau Ingilishi, da Lissafi, da Fiziks, da Kemistiri, da Bayoloji, a jarrabawar WAEC ko ta NECO. Kiredit kuwa daga A1 ne zuwa C6. Wanda ya sami D7 a ko da ɗaya daga cikin biyar ɗin nan, ƙofa ta rufe masa a wannan shekara. Jami'o'i da yawa ma sukan ce lalle sai an samo su duka a zama ɗaya.

Abin da iyaye ba su cika sani ba shi ne, kowane darasin kimiyya takarda uku gare shi. Akwai ta zaɓen amsa, akwai ta rubutun bayani, sa'an nan akwai ta gwaji da hannu. Biyun farko yaro mai ƙwazo yana iya yin haddarsu a ƙarƙashin bishiya. Ta ukun kuwa ba ta haddatuwa. A Kemistiri za a ba shi dogon bututun gilashi mai layukan awo, ya riƙa ɗiga ruwan asid cikin wani ruwan, ɗigo-ɗigo, har launi ya sauya, ya karanta awon daidai, ya maimaita har amsoshinsa su yi kusa da juna, kana ya yi lissafi a kai. A Fiziks za a rataya masa ɗan ƙarfe da zare ya ƙirga lilonsa da agogo, ko a ba shi batir da waya ya haɗa, ya zana abin da ya samu a takardar awo. A Bayoloji za a ajiye masa ƙashi, ko ganye, ko ƙwaro, ya duba, ya zana, ya faɗi sunan kowane sashe da aikinsa. Hukumar jarrabawa takan aika wa makaranta da jerin kayan da za a bukata, amma makarantar ce za ta nemo su. Yaron da bai taɓa riƙe bututun nan ba sai ranar jarrabawa, hannunsa zai yi rawa, ruwa ya zarce, awo ya ɓaci, ko da kuwa shi ne na ɗaya a ajinsu. Hausawa sun ce gani ya kori ji. A kimiyya kuwa taɓawa ta kori gani.

Bayan wannan ga jarrabawar JAMB ta shiga jami'a, wadda tun 2015 da kwamfuta kaɗai ake yinta. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, 60 na Ingilishi, 40 a kowane darasin kimiyya uku, maki duka 400. A sakamakon farko da aka fitar a 2025, cikin kusan mutum miliyan biyu da suka zauna, fiye da miliyan ɗaya da rabi ba su kai maki 200 ba, alhali mai neman likita sai ya wuce 200 ɗin da nisa. Yaron da bai saba da kwamfuta ba zai ɓata minti goma na farko yana neman inda zai danna, shi kuwa ɗan Ikko tuni ya yi nisa.

Ba za a yi wa yaran Yobe adalci ba idan aka manta da abin da ya auka wa makarantunsu. Ranar 6 ga Yuli, 2013, 'yan bindiga suka afka wa makarantar sakandare ta Mamudo, kusa da Potiskum, suka kashe fiye da mutum 40, har gwamnati ta rufe makarantun sakandare na jihar. Ranar 10 ga Nuwamba, 2014, wani ya tayar da bam a wurin taron safe na makarantar kimiyya da sana'a ta Potiskum, aka rasa kusan rayuka 50. A watan Fabrairu na 2018 aka kwashe 'yan mata 110 daga makarantar kimiyya ta Dapchi. Yaran da ke shirin jarrabawa yau sun taso ne cikin waɗannan shekaru, lokacin da malamai suka gudu, iyaye suka tsorata. A 2019 Gwamna Mai Mala Buni ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmin firamare da sakandare, wanda hakan shaida ce cewa giɓin mai faɗi ne.

Amma giɓi yana cikuwa idan aka yi niyya. A 1977 Jihar Kano ta ga ba ta da isassun likitoci da injiniyoyi, sai ta buɗe makarantun kimiyya na musamman a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa. Ba wani sihiri aka yi ba. An zaɓi yara ta hanyar jarrabawa, an ba su malamai, da ɗakunan gwaji masu kaya, da lokacin karatu. Yau da wuya a shiga babban asibiti a Kano da Jigawa ba a tarar da tsohon ɗalibin makarantun nan ba. 'Ya'yan manoma ne da 'yan kasuwa, kamar dai na Damagum.

To, mene ne aikin uban da ke Kudu? Na farko shi ne ya saya wa ɗansa lokaci. Jarrabawar WAEC tana faɗowa ne a watannin Mayu da Yuni, daidai lokacin sharar gona da shuka, ta NECO kuma tana biye da ita cikin damina. Yaron da ya wuni a gona, ko yarinyar da ta wuni tana ɗiban ruwa da talla, ba abin da zai shiga kansu da dare. Kuɗin ƙodago na wata uku bai kai kuɗin ɗinkin Salla na gida ɗaya ba. Haka nan fitila mai aiki da hasken rana, da littattafan darussan nan, da tambayoyin jarrabawar shekarun baya, tun yaro yana aji huɗu ya kamata a aika da su, ba sai jarrabawa ta rage wata guda ba.

Na biyu, idan ya zo gida, kada ziyararsa ta tsaya a gaisuwar mutuwa da ɗaurin aure. Ya tafi makarantar, ya gai da shugabanta, ya roƙi a nuna masa ɗakin gwaje-gwaje. Akwai kaya a ciki? Akwai ruwa? Sau nawa ɗalibai suka shiga a wannan zango? Wa ke koyar da Fiziks? Ba sai mutum ya yi boko ba kafin ya gane ɗakin da ake aiki a ciki da wanda gizo-gizo ya yi wa saƙa.

Na uku, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. 'Yan Arewa a Kurmi suna da ƙungiyoyi, suna da sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa, kuma kowa ya san yadda sukan tara kuɗi nan da nan idan za a kai gawa gida ko za a gina masallaci. Kuɗin sa guda ya isa ya sayi gilasan awo da sinadarai da ma'aunai masu yawa. Idan 'yan Fune mazauna Ikko suka ware sa ɗaya kowace shekara, suka damƙa kayan ga ƙungiyar iyaye da malamai a gaban shaidu, suka kuma ɗauki nauyin kai ɗalibai su koyi kwamfuta kafin JAMB, cikin shekara biyar za a ga bambanci.

Wani zai ce ai wannan aikin gwamnati ne. Gaskiya ne, kuma wajibi ne a ci gaba da matsa wa Ma'aikatar Ilmi da 'yan majalisar yankin lamba. Amma yaron da ke aji biyar bana ba zai iya jiran kasafin kuɗin baɗi ba. Shekarunsa uku ne kacal, in sun wuce sun wuce.

Akwai kuma wata hanya da wasu iyaye ke bi, wadda ta fi rashin yin komai muni, watau biyan kuɗi a kai yaro makarantar da ake rubuta wa ɗalibai amsa a allo. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Shekarar farko ta karatun likita Fiziks da Kemistiri da Bayoloji ne dai za a sake yi, kuma a nan ake sallamar wanda ya shigo da takardar saye. In ma ya kuɓuta, wane uba ne zai yarda irin wannan likita ya yi wa matarsa tiyata?

Ya kamata a faɗa wa yara gaskiya cewa guraben karatun likita kaɗan ne, domin hukumar kula da likitoci ta ƙasa ita ke ƙayyade wa kowace jami'a adadin da za ta ɗauka. Karatun kuma shekara shida ne, ga shekarar koyon aiki a asibiti, ga ta bautar ƙasa. Sai dai ƙofofin sun fi na da yawa, tun da ban da Zariya da Kano da Maiduguri, yanzu Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu tana da kwalejin likitanci da asibitin koyarwa. Wanda bai samu ba kuwa bai yi asara ba, gama kiredit biyar ɗin nan su ne mabuɗin aikin jinya da ungozoma, da haɗa magunguna, da gwajin jini, da likitan dabbobi, wanda ƙasar shanu irin Fune take bukata ƙwarai. Kuma duk magidancin da ba ya son namiji ya duba iyalinsa a asibiti, to, ya bar 'yarsa ta gama ajin kimiyya.

Dokta R. A. B. Dikko, likita na farko daga Arewa, sai da ya ƙetare teku zuwa Birmingham kafin ya sami wannan ilmi. Ɗan Damagum na yau tafiyar da ke gabansa ba ta wuce Damaturu ba. Abin da ya rage shi ne a ba shi lokaci, da fitila, da bututun gilashi ya riƙe da hannunsa tun kafin ranar jarrabawa. Allah ya ba yaran sa'a, ya kuma ba iyayensu ikon sauke wannan nauyi, amin.