Ɗaukewar wuta a manyan birane: me ya sa wani birni ke jurewa, wani kuma a wawashe shi?

Ranar 28 ga Afrilun 2025, da ƙarfe 12 da minti 33 na rana, wutar lantarki ta ɗauke a kusan duk faɗin Sifaniya da Fotugal. A Madrid, jiragen ƙarƙashin ƙasa sun tsaya cak, fitilun ba da hannu sun mutu, layukan salula suka riƙa katsewa. Gwamnati ta baza jami'an tsaro dubu 30 saboda fargabar abin da dare zai haifar. Sai ga shi an kwana lafiya. An ga mutanen gari suna ba motoci hannu a mahaɗar tituna, wasu na layin sayen rediyo mai batir. Washegari da safe wuta ta koma kusan ko'ina.

Fargabar hukumomin tana da tushe, domin birnin New York na Amurka ya taɓa ganin akasin haka. A daren 13 ga Yulin 1977, tsawa ta faɗa kan manyan layukan wuta, birnin ya shiga duhu na kusan awa 25. An fasa ko an lalata kantuna sama da 1,600, an samu gobara fiye da dubu, an kama mutane sama da 3,700. A unguwar Bronx, motoci sabbi fil guda 50 aka fitar daga shagon dillali guda.

Abin lura shi ne wannan birni ya yi irin wannan duhu a 1965 da kuma 2003 ba tare da wata kwasar ganima ta a zo a gani ba. Waɗancan biyun sun faru ne da yamma, masu kantuna na nan bakin dukiyarsu, ƴan sanda kuma sun samu sukunin shiri. Na 1977 kuwa ya zo wajen tara da rabi na dare, an riga an rufe an tafi gida. Ga zafi, ga rashin aikin yi, ga baitulmalin birnin da ya kusa durƙushewa a 1975, har aka sallami dubban ma'aikata ciki har da ƴan sanda. Duhun ya tarar da unguwannin talakawa a fusace.

Daɗewar duhun ma na da nata tasiri. A Maracaibo ta ƙasar Benezuwela, a watan Maris na 2019, kwanaki aka kwashe ba wuta, ba ruwan famfo, abinci na ruɓewa, na'urorin biya da kati ba sa aiki a ƙasar da tsabar kuɗi ta yi wuya. Ɗaruruwan shaguna aka wawashe. A ganina, da Madrid ta kai kwana huɗu a haka, da wuya labarinta ya yi daɗin ji.

Mu a Nijar mun ɗanɗana namu. A farkon Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, wadda ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da kamfanin Nigelec ke rabawa, kuma ba ta dawo ba sai Maris na 2024. Yamai, Maraɗi da Damagaram sun yi watanni ana raba wuta unguwa-unguwa, amma duhun bai jawo guguwar fasa kantuna ba. Ciniki a nan da tsabar kuɗi ake yi, manyan shaguna na da masu gadi, samari kuma na zaune a fada bakin titi har tsakar dare, ko ba komai idonsu na kan layi. Sabo da ɗaukewar wuta ma ya taimaka, ko da yake ba abin alfahari ba ne.

Sai dai asarar ta bi ta wata hanya. Mai walda, tela mai keken lantarki, mai sayar da ƙanƙara da mai kifin firij sun yi ta rasa ciniki, wanda ke da hali ya koma ga janareta da man da ke cinye riba. Tashar Gorou Banda da gonar hasken rana mai megawat 30 da ke kusa da ita sun rage raɗaɗi a Yamai, amma a watannin zafi na Afrilu da Mayu, lokacin da kowa ke kunna fanka, buƙata kan zarce abin da ake samarwa.